YINI ƊAYA A BALANSIYA, BIRNIN DA AKE SHAN KUNUN AYA



Kowace shekara, in an gama tonon aya a ƙasar Agye, da Cadawa, da Gazawa, da Madarumfa, ƴan kasuwa suna zuwa da manyan motoci su kwashe buhuna. Wata a cinye ta nan gida. Wata a kai ta Najeriya. Wata kuma a loda ta cikin jirgin ruwa, ta ƙetare teku zuwa ƙasar Turawa. Da yawa cikinmu ba su san inda take sauka ba. Ba su san abin da ake yi da ita can ba. Manomin da bai san mai sayen ƙarshe ba kuwa, abin da dillali ya faɗa shi ne kuɗin kayansa.

Ɗaya daga cikin manyan wuraren da ayarmu take sauka shi ne Balansiya, wani birni na ƙasar Espanya. A watan Disamba da ya wuce, wata ƙungiyar manoman can ta gayyaci manoman aya 3 na jaharmu, su je su ga aikinsu. Aka haɗa su da ni, don in riƙa fassara musu faransanci, in kuma rubuta abin da muka gani. Mun yi kwana 8. Cikin kwanakin nan an ba mu yini ɗaya na yawon gari, ranar wata Alhamis, ana saura kwanaki kaɗan sallar Kirsimeti. Labarin wannan yini zan ba ku, da abin da ya shafe mu a cikinsa.

INA BALANSIYA TAKE?

Espanya tana arewa da Maroko, kudu da Faransa. Wani siririn teku ya raba ta da Afirka. Inda ya fi ƙunci, faɗinsa kilometir 14 ne kaɗai. Babban birnin ƙasar shi ne Madrid. Na biyu Barselona. Balansiya ita ce ta uku, da mutum wajen 800.000. Tana gabas, bakin Bahar Rum. Rumawa suka kafa ta, shekara 138 kafin haihuwar Annabi Isa. Ke nan ta haura shekara 2.000.

A lokacin ɗari agogonsu da namu ɗaya ne. Amma yininsu gajere ne. Rana ba ta fitowa sai ƙarfe 8 ya wuce, kafin ƙarfe 6 na marece kuma ta faɗi. Sanyin ya yi kamar tsakiyar ɗarinmu, sai dai babu ƙura. Iska ce mai laima take tasowa daga teku. Kuɗinsu sunansa yuro. Yuro 1 tamma 656 ne, wato dala 131 da tamma 1. Ku riƙe wannan, za mu yi lissafi da shi gaba.

JIRGI MAI KAMA DA GARI

Masaukinmu yana kusa da tashar jiragen ruwa. Da safiyar ranar muka tarar wani farin abu ya tare gabas. Dattijon da muke tare da shi ya ce mini: "Malam, wannan benen jiya da dare babu shi nan." Na ce: "Baba, ba bene ba ne, jirgi ne."

Tsawon irin waɗannan jirage yakan wuce metir 300. Tsayinsu hawa 15 ko fiye. Wasu suna ɗaukar baƙi 5.000 ko 6.000, ban da ma'aikata fiye da 1.000. Cikinsu akwai ɗakunan kwana, da gidajen abinci, da kantuna, da likita, da wurin iyo. Ba kaya suke ɗauka ba. Mutanen ciki kuma ba fatake ba ne, masu hutu ne. Mutum ya yi aiki shekara, ya tara kuɗi, ya biya kwana 7 a jirgi shi da iyalinsa. Da dare jirgi yana tafiya, mutane suna barci. Da safe su farka a sabon gari: yau Barselona, gobe Marsai ta Faransa, jibi wani birnin Italiya. Su sauka su yi kallo awa 7 ko 8. Da marece kowa ya koma. Wanda ya makara, jirgi ba ya jiransa.

Jagoranmu wani saurayi ne, ɗan manomin aya, mai jin faransanci. Ya ce mu bi sawun mutanen jirgi, don inda suka nufa nan abin kallo yake. Sun kasu rukuni-rukuni. Kowane rukuni yana bin mutum ɗaya da ya ɗaga lamba bisa sanda, kamar garke bayan makiyayi.

Ba duk mutanen gari ke murna da zuwansu ba. Jagoranmu ya ce suna cika tituna lokaci guda, abincinsu yana jiransu a jirgi, su sayi abu kaɗan su tafi. A 2024 hukumar birnin ta yi shelar tana so ta hana mafiya girma cikin jiragen nan tsayawa.

GULBIN DA YA ZAMA GARKA

Daga tasha zuwa tsohon gari tafiyar kilometir 4 ce ko 5. Rabin hanyar cikin gulbi muka yi ta, a ƙasa, ƙafarmu ba ta jiƙe ba. Ga dalili.

Gulbin sunansa Turiya. Da can ta cikin birni yake bi. Ranar 14 ga Oktoba 1957 ya cika ya tumbatsa, ya shiga gidaje, ya kashe mutum fiye da 80. Sai gwamnati ta haƙa masa sabuwar hanya mai faɗi kudu da birni, aka juya ruwan can. Tsohuwar hanyar ta bushe. Hukuma ta so ta shimfiɗa babbar hanyar mota a ciki. Mutanen gari suka ƙi, suka ce itatuwa suke so. Maganarsu ta ci. A 1986 aka buɗe garkar, tsawonta wajen kilometir 9. Yau kana tafiya tsakiyar gulbi, tsofaffin gadoji suna bisa kanka, ga dabino, ga lemu, ga yara suna ƙwallo. A ƙarshenta ta wajen teku akwai wasu manyan fararen gine-gine na zamani, da aka fara buɗewa a 1998. Ɗaya ya yi kama da idon mutum. Wani kuma gidan kifayen teku ne. Mutanen jirgi suka tsaya ɗaukar hoto, mu muka wuce.

Amma ba a gama da ruwa ba. Ranar 29 ga Oktoba 2024 aka yi wani ruwa irin wanda tsofaffi ba su taɓa gani ba. A garin Ciba, yamma da Balansiya, an auna milimetir wajen 490 cikin awa 8. Wannan ya kusa abin da Maraɗi take samu damina guda. Sabuwar hanyar gulbi ta tsare tsakiyar birni. Amma wata ƙorama, da ta saba zama busasshiya, ta kwaso ruwan tudu ta afka wa garuruwan kudu, kamar Paiporta da Kataroja. A Paiporta ma kusan ba a yi ruwan sama ba. Daga nesa ya taho musu. Mutum fiye da 220 suka rasu. Saƙon gargaɗi bai shiga wayoyin mutane ba sai bayan ƙarfe 8 na dare, alhali ruwa ya riga ya shiga gidaje. Kwanakin da suka biyo baya, dubban mutanen birni suka tafi a ƙasa da tsintsiya da shebur, suka yi gayyar kwashe laka.

Mu ma a daminar 2024 mun ga abin da ruwa ya yi a Maraɗi da Damagaram. Can da nan magana ɗaya ce: busasshiyar ƙorama ba filin gini ba ce.

ƘOFAR GARI DA SAWUN LARABAWA

Daga gulbi muka hau zuwa wata ƙatuwar ƙofa ta dutse, mai hasumiya 2. Sunanta Seranos. An gina ta daga 1392 zuwa 1398. Da can birnin yana da ganuwa, kamar Birnin Damagaram. A 1865 aka fara rushe ta, aka bar manyan ƙofofi 2.

A nan jagoranmu ya ba mu tarihi. Musulmi sun shiga Espanya a shekara ta 711. Sun riƙe Balansiya wajen shekara 500. A 1238 sarki Haime na Ɗaya, sarkin Aragon, ya ci garin. Aka mai da babban masallaci majami'a. A 1262 aka fara gina majami'ar da take tsaye yau, a filin masallacin. Musulmi da yawa suka zauna suna noma a ƙarƙashin sababbin masu mulki. Daga baya aka tilasta musu barin addininsu. A 1609 sarki ya ba da umurni a kori jikokinsu gaba ɗaya. Wajen kashi ɗaya cikin uku na mutanen ƙasar Balansiya aka loda cikin jirage zuwa arewacin Afirka. Ƙauyuka da yawa suka zama kufai.

Mutanen sun tafi, amma kalmominsu suna nan cikin bakin jama'a. Magudanar ban ruwa suna ce mata asekiya, daga larabci. Zaitun suna ce masa asetuna. Sukari, asukar. Magajin gari kuwa alkalde suke kiransa, wato kalmar nan tamu ta alƙali. Unguwanni da ƙauyuka da yawa sunansu da Beni yake farawa, ma'ana ƴaƴan wane.

Jikin majami'ar akwai hasumiya mai suna Mikalet. Tsayinta metir 50 ne da ɗan kai, matakala 207. Mu biyu muka hau, Baba da ɗayan abokinmu suka jira mu ƙasa. Daga sama ana ganin teku da farin jirgin nan a gabas. A kudu ga wani babban tabki, Albufera, inda suke noman shinkafa. A arewa kuma, gidaje suna ƙarewa, koren gonaki suna farawa. Can gonakin aya suke.

KOTUN RUWA

Abin da ya fi komi tsaya mini a rai, a gindin wannan majami'a muka gan shi, ƙarfe 12 na rana daidai.

Ƙasar Balansiya ba ta samun ruwan sama da yawa, musamman lokacin zafi, sa'ad da shuka ta fi bukatarsa. Dubban manoma da ruwan gulbin Turiya suka dogara. An tare gulbin da ƙananan madatsu, an jawo manyan magudanai 8. Kowace magudana ta rabu ƙanana-ƙanana har bakin gonar kowa. Inda ruwa ya yi kaɗan, masu bukata suka yi yawa, ku da kanku kun san abin da yake biyowa.

Don haka suna da kotu ta ruwa kaɗai. Tana zama kowace Alhamis, a bakin ƙofar majami'a, a fili, kowa yana gani. Alƙalanta ba ma'aikatan gwamnati ba ne. Ba su yi karatun shari'a ba. Manoma ne. Masu gonaki na kowace magudana suna zaɓen wakili ɗaya cikinsu, na ɗan wa'adi. Sharaɗi shi ne ya zama mai gona a wannan magudana, mai noma ta da kansa, kuma mutumin kirki a idon jama'a.

Da ƙararrawar Mikalet ta buga 12, sai ga su sun fito daga wani gida da ke fuskantar ƙofar. Kowa yana sanye da baƙar taguwa ta manoman da. An jera musu kujeru zagaye, an kewaye da ɗan shingen ƙarfe. Bayan kowace kujera an rubuta sunan magudana. Dogarin kotu yana riƙe da doguwar sanda mai ƙugiya, irin wadda ake ɗaga ƙofar ruwa da ita. Ya ɗaga murya yana kiran magudanai ɗaya bayan ɗaya, yana cewa waɗanda aka yi ƙara daga magudana kaza su matso.

Laifuffukan da ake kawowa sanannu ne. Wani ya buɗe ruwa ba ranar layinsa ba. Wani ya fasa bakin magudana. Wani ya bar ruwa ya malale gonar maƙwabci ya ɓata masa shuka. Wani ya ƙi yashe rabonsa na magudana. In an kawo ƙara, mai gadin magudana ya faɗi abin da ya gani. Wanda ake ƙara ya kare kansa da bakinsa, ba lauya. Wakilin magudanar da abin ya faru ba ya sa baki a hukunci, don kada a ce ya yi son kai. Sauran su yi shawara nan take, su ce mai laifi ne ko ba mai laifi ba. Hukuncin ba a ɗaukaka shi zuwa wata kotu. Tsarin mulkin Espanya na 1978 ya yarda da irin wannan kotu ta gargajiya. A 2009 hukumar UNESCO ta sa ta cikin abubuwan gadon duniya. Mutanen garin suna cewa tun zamanin Larabawa take, har a 1960 suka yi mata bikin cika shekara 1.000.

Akwai wata doka tasu da ya kamata mu sani. Ruwa na gona ne, ba na mai gona ba. Ba ka iya sayar da ruwanka dabam, gonarka dabam. In gulbi ya ragu, ba mai ƙarfi ke sha ya bar na ƙasa da ƙishi ba. Ana rage wa kowa gwargwadon gonarsa.

To, ranar da muka je, dogari ya kira magudanai duka, ba wanda ya fito. Cikin minti kaɗan aka tashi. Mutanen jirgi suka dubi juna, wasu suna dariya, wai sun zo kallo ba su ga komi ba. Jagoranmu ya ce haka yake faruwa sau da yawa. Yawancin rigingimu a gona ake kashe su. Wakili ya je ya duba, ya sasanta, mai laifi ya biya. Ba manomin da yake so a kira shi a gaban gari a ce ya saci ruwan maƙwabcinsa. Baba ya yi shiru, sa'an nan ya ce: "Malam, rubuta wannan. Kotun da ta zauna ba ta sami mai laifi ba, ita ce ta yi aiki."

Na rubuta. Na kuma tuna da ƴan uwanmu na fadamun Jiratawa, da Ƙwanni, da Galmi, inda layin ruwa yakan raba zumunci.

KASUWA, DA MAGANAR BURTALI

Daga nan muka shiga babbar kasuwa. An buɗe ta a 1928. Rufaffiya ce, da ƙarfe da gilashi, rumfuna ɗaruruwa. Lokacin lemu ne, ko'ina ka duba ja da rawaya. Kowane kaya an kafa masa allo da kuɗin kilo a rubuce. Ma'aunin yana fuskantar mai saye, yana ganin lamba da idonsa. Saboda salla ta matso, ana ta sayen wata alewa mai suna turon, ta zuma da wata ƙwaya mai kama da gujiya. Ana kuma rataye cinyoyin alade busassu. Musulmin da ya je can sai ya riƙa tambaya kafin ya ci nama.

Mun ga cuku iri-iri, na nonon tumaki da na awaki, an dunƙule shi manya-manya kamar ƙwarya. Nan maganar kiwo ta taso. Makiyayan Espanya ma suna da burtali, tun zamanin kakanni. Da zafi su hau tudu da tumaki, da ɗari su gangaro. A 1995 aka yi doka ta tsare burtalan nan, tsawonsu duka wajen kilometir 125.000. Mafi girma faɗinsa metir 75, matsakaici 37 da rabi, ƙarami 20. Na jama'a ne, ba a sayarwa, ba a nomewa. Tun 1994 kuma, da kaka, akan bi da garken tumaki ta tsakiyar Madrid, don kada mutanen birni su manta hanyar ta dabbobi ce.

Gaban kasuwa akwai wani tsohon zaure na dutse, da aka fara ginawa a 1482, inda fataken siliki suke ciniki. Ginshiƙansa a murɗe suke kamar igiya. Jikin bango an zagaya rubutu mai gargaɗin ɗan kasuwa kada ya yi zamba, kada ya ci riba ta haram.

KOFI ƊAYA, JIKKA BIYU

Bayan mun yi azahar a wani ƙaramin masallaci, jagoranmu ya kai mu gidan shan kunun aya. Aya suna ce mata cufa. Kununta kuma orcata. Yadda suke yi bai bambanta da na matanmu ba: a wanke, a jiƙa, a niƙa, a tace, a sa sukari, a sanyaya. Su ba su sa dabino ko citta. Suna sha da wani dogon burodi mai zaƙi, suna tsomawa ciki. Da zafi aka fi sha, amma ko da ɗarin nan mutanen jirgi sun cika gidan.

Babban kofi yuro 3 muka biya. To, mu yi lissafi tare. Yuro 3 tamma 1.968 ke nan, kusan jikka 2. Mai gidan ya ce kilo 1 na busasshiyar aya yana ba da litir 4 zuwa 5. Litir 1 kuma kofi 3 ne. Ke nan kilo 1 yana ba da kofi 12 ko fiye. Kofi 12 kusan jikka 24 ne. Tiya guda kuwa ta fi kilo 2. Kowa ya san nawa ya sayar da tiyarsa bana. Ya ɗauki alli ya gwada.

Gaskiya ne ba duka riba ba ce. Akwai kuɗin mota, da na jirgi, da na kwastan, da hayar gida, da lantarki, da albashin ma'aikata, kuma komi a can tsada gare shi. Amma duk da haka, tsakanin tiyarmu da kofinsu akwai tazara mai yawa. Wani yanki na tazarar nan a hannunmu yake. Sauran kwanakinmu a gonakin Alboraya, wani ƙauye arewa da birni, su suka nuna mana haka.

Ƙasarsu jigawa ce mai laushi, gonakin ƙanana ne. Suna shuka a Afirilu da Mayu, bisa kunya, su yi ta ban ruwa har kaka. Daga Nuwamba zuwa Janairu suke tono. In ganye ya bushe su ƙone shi, kamar yadda muke yi. Inji ne yake tona ƙasa ya tankaɗe. Bambancin yana farawa daga nan. Suna wanke ayar tas. Su hau da ita bene mai tagogi, inda iska take ratsawa. Su shimfiɗa ta ba kauri, su yi ta juyawa har wajen wata 3. Sai ta bushe sarai, zaƙinta ya fito. Sa'an nan a tsince, a fid da dutse da ruɓaɓɓiya. Ba su kuma bin aya da aya a gona ɗaya kullum. Suna sauyawa da albasa, ko dankalin turawa, ko kayan miya, suna zuba taki, don sun san aya tana cin ƙasa.

Sun kuma haɗa kai. Suna da hatimi guda, mai shaidar cewa ayar Balansiya ce, an duba ta. Mai hatimi ya fi tsada. Sai dai abin da suke nomawa ƴan ɗaruruwan hekta ne, ba ya isar su. Dole su sayo daga Nijar, da Burkina Faso, da Mali. Ke nan suna bukatarmu.

Wani mai saye ya gaya mana abin da yake karya kuɗin ayar Afirka. Na farko ƙasa da tsakuwa cikin buhu. Na biyu laima. Ayar da aka ɗura ba ta gama bushewa ba, ko aka ajiye buhu a ƙasa, tana yin fumfuna. Fumfunar nan tana barin wata guba mai suna afalatoksin, wadda ido ba ya gani, mai lahani ga hanta. Na uku maganin ƙwari da ake barbaɗa wa buhu ba bisa ƙa'ida ba. Turawa suna auna waɗannan duka. In abu ya wuce iyaka, kayan gaba ɗaya ake ƙi. Ɗan kasuwa ya san da wannan hatsari, shi ya sa tun a kasuwar ƙauye yake rage kuɗi.

MARECE

Da rana ta faɗi aka kunna fitilun salla. Tituna duka suka haskaka. A dandalin gidan magajin gari an kafa doguwar itaciya ta fitilu. An kuma jera ƴan gumakan yumɓu masu nuna labarin haihuwar Annabi Isa yadda Kirista suke ba da shi: ga jariri cikin garke, ga sa da jaki, ga makiyaya da tumakinsu. Daren 31 ga Disamba kowa yana cin ƴaƴan inabi 12, ɗaya ga kowane bugun ƙararrawa. Yara kuma sai safiyar 6 ga Janairu suke samun babbar kyautarsu. Daga Kirsimeti zuwa wannan rana, kotun ruwa ma hutu take yi.

A gefen titi muka gamu da samarin Afirka sun shimfiɗa kaya bisa zane, idonsu yana kan ƴan sanda. Ɗaya ya ji muna hausa, ya gaishe mu da ƴar wadda ya koya a Agadas. Ya ce shekararsa 3 ba takarda. In ya samu, tsinkar lemu yake yi a gonakin mutane. A wannan tasha da jirgin masu hutu ya tsaya, a nan ne a watan Yuni na 2018 aka sauke mutum 630 da aka tsamo daga teku kusa da Libiya, bayan Italiya da Malta sun ƙi karɓarsu. Su Allah ya yi musu gyaɗar dogo. Dubbai sun nutse a wannan teku. Saurayin da yake shirin sayar da gonar gado don wannan tafiya, ya yi tunani.

ABIN DA ZA MU TATTAUNA

Ina roƙon malaman cibiyoyin yaƙi da jahilci su karanta wannan labari tare da ɗalibansu, a yi magana kan abu huɗu.

Na ɗaya, shanya. Mu shanya aya bisa tabarma ko tamfal, ba bisa ƙasa ba. Mu bari ta bushe sarai. Mu tsince ta. Mu ɗora buhuna bisa itace. Kafin mu sa magani, mu tambayi ma'aikacin gona.

Na biyu, sayarwa. Mai tiya 10 shi kaɗai ba ya ja da dillali. Ƙauyen da ya tara buhu 200 masu tsabta cikin ɗakin ajiya guda, ya jira kaka ta wuce, shi zai faɗi kuɗin kayansa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na uku, ruwa da burtali. A garinku wa yake raba layin ruwa? Ku kuka zaɓe shi? Yana noma tare da ku? Faɗin burtalinku metir nawa ne, kuma kowa ya san iyakarsa?

Na huɗu, karatu. Ma'auni lamba ne. Takardar ciniki rubutu ce. Wanda ya iya karanta su da kansa, da wuya a cuce shi. Kada mu bar zuwa makaranta don an shiga aikin aya.

Garin da ya tattauna, ya rubuto wa jarida abin da ya yanke, don sauran garuruwa su ji. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa mu ci guminmu lafiya.